Harsashin da Bai Tashi Ba

Ranar Laraba da hantsi Manda ta tsinci gawar mijinta a bukkar mafarauta da ke ƙasan tudu. Abincin da ya manta a gida ta bi shi da shi, burodi da cuku da tuffa biyu, sai ta tarar da shi kwance kusa da benci, harsashi ya shige shi ta ƙarƙashin haƙarƙari, ƙaramar bindigarsa tana ajiye dab da hannunsa. Har garkenmu muka ji ihunta. Mijin nata, Mijat, ya yi shekara goma sha tara yana gadin dajin Drenova Draga. Duk ƙauyen nan babu wanda bai taɓa yi wa faɗa kan saran itace ba, babu kuma wanda bai taɓa sa shi dariya har da hawaye ba, don bakin mutumin nan ba ya hutawa da tsokana.

Ni ce Tonka, matar Grga mai bin sawu. Idan beyar, ƙatuwar dabbar dajinmu, ta ɗauke tunkiya, ko wani baƙo ya ɓace a dutse, Grga ake nema. Nakiya ta cinye masa rabin ƙafar hagu lokacin yaƙi, aka sa masa ta ƙarfe, saboda haka ba ya tuƙi, ni ke kai shi ko'ina. Ido nasa ne, sitiyari nawa. Baki ma nawa ne, don Grga yakan wuni bai furta kalma goma ba, ni kuwa ban taɓa iya haɗiye magana ba tun ina yarinya.

Mun tarar da rabin ƙauye a wurin, sun tattake ko'ina kafin 'yan sanda su ja igiya. Sufeto Rukavina, wanda ya zo daga garin Gospić, ya sa safar hannu yana kokawa da bindigar. Ya ja ƙarfen samanta baya, ya zo rabi ya cije. Ya sake ja, ya sake cijewa.

"Grga, zo ka gani," in ji shi. "Mutanenka suna ta raɗa wai shi ya kashe kansa. Ni kuma abin nan ya ƙi buɗuwa, ya ƙi rufuwa."

Grga ya sunkuya, bai taɓa ta ba. Ya daɗe yana leƙe ta 'yar kafar da ta buɗe.

"Sifirin ɗin ciki bai zauna a gurbinsa ba," ya ce. "Ga kuma ƙasa da guntun ganye a ciki. Da haka take tun farko, da ba ta yi harbi ba. Bayan harbin ta rabu gida biyu, ta faɗi ƙasa, wani ya harhaɗa ta a gaggauce."

"Wato?"

"Matacce ba ya harhaɗa bindiga, ranka ya daɗe."

Maganar ta ratsa taron. Manda ta durƙushe. Ƙanena Joso ne ya tare ta, shi ma hawaye yana bin gemunsa. Joso ne ya tsaya wa Mijat ranar ɗaurin aurensa, shi ya riƙe 'ya'yansa biyu a wurin baftisma. Kum ɗinsa ke nan, "kume" suke kiran juna, kuma a wajenmu kum ya fi ɗan'uwa na ciki ɗaya nauyi, ko muryarka ba ka ɗaga masa. Na lura ya sa hularsa ta zuwa coci a ranar aiki, na ce a raina, Allah sarki, girmama gawa ne.

Sai Pajo mai injin katako ya ce, "To wa ya yi faɗa da shi ranar Lahadi a gaban kowa?"

Ni na amsa. Na ɗaga murya na ce, "Wa kuwa in ba Stevo ba!" Har yau in na tuna yadda sunan nan ya fito daga bakina da daɗi, sai in ji kunya ta rufe ni.

*

Stevo ɗan ɗaya cocin ne, masu yin Kirsimeti a watan Janairu. Danginsa duk sun gudu ƙarshen yaƙi, shi kaɗai ya dawo da matarsa Smilja bayan shekara bakwai, ya ɗora wa gidan ubansa sabon rufi, ya kama kiwon zuma. Muna sayen zumarsa, ba ma shiga gidansa. Ranar Lahadi Mijat ya ce masa ya kwashe amyoyinsa daga dajin gwamnati, shi kuma ya ce, "Ka taɓa su ka gani." Mutum takwas sun ji. 'Yan sanda kuma suka ga sawun takalminsa a hanyar da ta bi ta saman bukkar. Kafin la'asar sun tafi da shi. Sufeto ya ce tambayar duniya sun yi masa, amsarsa ɗaya: ya wuce, bai tsaya ba.

Mutanen ƙauye ba su da haƙurin jiran kotu. A shagon Pajo aka yanke magana: ranar Asabar za a binne Mijat, a ci abincin makoki, sannan a haura gidan Stevo da galan biyu na fetur. Amyoyin da farko, in ji su. Amma duk mun san wutar da aka kunna wa amya ba ta tsayawa a amya, kuma Smilja tana cikin gidan nan ita kaɗai.

Na kawo wa Grga labarin ina jin kamar an yi daidai. Ya dube ni ya ce, "Ɗauko makullin mota."

*

Manda tana zaune a kicin, an rufe madubi da baƙin ƙyalle, an tsayar da agogon bango. Ta zuba mana kofi, hannunta bai zubar da ko ɗigo ba.

"Bindigar nan sabuwa ce?" in ji Grga.

"Bazarar nan ya saye ta, saboda beyar. Irin na zamani, wadda ba ta da 'yar gudumar nan a baya. Kwana biyu yana fama da ita a kan teburin nan, yana so ya buɗe ya goge. Ya murɗa wannan, ya ja wancan, ta ƙi rabuwa. Na ce, Mijat, karanta takardar da ta zo da ita mana. Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne." Ta yi ɗan murmushi, murmushin ya mutu a hanya. "Da safen nan ya sa ta a aljihu, ya ce yau zai kai ta wurin mai maganinta."

"Bai faɗi suna ba?"

"Bai faɗa ba. Ka san shi, komai wasa."

"Zai iya miƙa wa Stevo ita?"

"Mijat? Ni da na haifa masa 'ya'ya ba ya bari in goge mata ƙura."

Na tsoma baki. "To ai ba sai an miƙa masa ba, ƙwacewa ya yi. Mutanen nan ba ka san su ba ne?"

"Tonka," in ji Grga, "sha kofinki."

A mota na ce masa mai maganin bindiga a ƙauyen nan ai kowa ne. Duk namijin da ya haura hamsin ya riƙe bindiga a yaƙi, kowannensu gani yake shi ne gwani. Pajo haka, Joso haka, har tsohon da ke kaɗa ƙararrawar coci. Grga ya ce haka ne, ya juya yana kallon taga.

*

Alhamis da sassafe muka koma bukkar, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Grga ba ya son a yi masa magana in yana aiki, ni kuma ba na iya yin shiru, haka muke shekara talatin da takwas.

Ya fara da hanyar sama. Ya bi sawun Stevo da sandarsa, taki bayan taki.

"Ya hau da kaya mai nauyi, dubi yadda dugadugansa suka nutse. Ruwan sukari ne na zuma. Ya sauko ba kaya. A nan ya tsaya, ya juyo yana kallon ƙasa, ya daɗe. Sannan ya wuce da sauri."

"Ka gani! Leƙen Mijat yake yi."

"Daga nan zuwa bukka taki sittin ne, kuma ƙasar da laushi. Nuna mini inda ya sauka."

Na duba, na sake dubawa. Babu. Na yi tsaki na ce wataƙila tashi ya yi sama.

A bakin bukkar sawu ya cakuɗe, duk ƙauye ya taka. Grga ya zagaya ta baya, wajen rafi, inda babu wanda ya bi. Nan ya nuna mini sawun wani mutum da ya fita da gudu, yatsun ƙafa kawai suka taɓa ƙasa, ya nufi titi. Wajen taki ɗari biyu ya tsaya. Akwai gurbin gwiwa biyu a laka. Daga nan sawun ya juyo, yana jan ƙafa, ya koma bukkar. Takalmin roba ne irin wanda kowane gida yake da shi, bai nuna kowa ba.

"Mai kisa ba ya gudu neman taimako," in ji Grga. "Wannan ya tafi kiran mutane, ya kai rabi, ya tuna abin da zai ce musu, ya kasa."

Muka shiga ciki. Teburin bukkar ya sha ƙura da tokar murhu. Grga ya kwantar da kansa a gefen teburin yana kallonsa ta inda haske ya faɗo. Ya kira ni. A tsakiyar ƙurar akwai wata da'ira mai faɗin tafin hannu biyu, inda aka ajiye wani abu mai laushi, da ɗigon mai guda a bakinta.

"Me kike gani?"

"Kwano."

"Kwano yana da gindi mai kaifi."

"To ni na sani? Kai ne mai ido."

Ya sauka ƙasa da ƙyar, ya miƙe ƙafar ƙarfen gefe guda, ya tura sanda ƙarƙashin tarin itacen wuta da ke hannun dama na tebur. Sau uku yana jawowa. A na huɗu wani abu ya gangaro yana ƙyalli. Harsashi ne cikakke, bai tashi ba, ko ƙwarzane babu a gindinsa.

Grga ya zauna a ƙasa riƙe da shi a hankici. Ban taɓa ganin fuskarsa ta tsufa haka ba.

"Wanda ya zo kisa ba ya zubar da harsashi mai rai, Tonka. Wannan sauke bindigar yake yi. Tsofaffin da muka saba da su, ka murɗa, ka ja, su rabu. Irin wannan sabuwar kuwa, samanta ba ya barin ƙasanta sai ka danna kunama. Shi ya sa ta gagari Mijat, bai san da haka ba. Wanda ya kai wa ya sani. Ya ja ƙarfen baya, harsashin da ke maƙogwaronta ya yi tsalle, ga shi nan. Ya gan shi ya faɗo, hankalinsa ya kwanta. Amma gidan harsashin yana ciki bai cire ba. Da ya saki ƙarfen, ta haɗiyi wani. Sai daga baya ya zare gidan. Sannan ya danna."

"Mijat yana tsaye a gabansa?"

"Yana sunkuye yana kallo, yana koyo."

Na ce, "To a kai wa sufeto, su saki Stevo."

"Harsashi ɗaya ba zai hana Pajo ɗaukar fetur ba. Za su ce Grga ne ya jefa shi a wurin. Sai mai hannun ya faɗa da bakinsa."

*

A hanyar gida ya sa na tsaya a ƙofar Smilja. Ni ban so ba. Ranar Laraba da yamma na wuce ta nan na tofa yawu a bakin shingenta, kuma ta gan ni ta taga. Ta fito da mayafi a kafaɗa, ta tsaya a bayan ƙofar shinge, ba ta buɗe ba.

"Da ya dawo ranar nan, me ya ce miki?" Grga ya tambaye ta.

"Bai ce komai ba. Ya zauna a kan dakali da takalminsa. Na kawo abinci, ya ture. Na ce lafiya? Ya ce in haɗa masa kaya a jaka, za a zo ɗaukarsa."

Na zunguri Grga. Mutumin da bai yi komai ba, ya aka yi ya san za a zo ɗaukarsa?

Smilja ta ga zungurin. Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Tonka, ko tunkiya ta mutu a ƙauyen nan, jaka muke haɗawa." Ta juya ta shige.

*

Jumma'a ranar wankin Joso ce. Tun da matarsa ta rasu ni ke kwaso kayansa. Ban same shi a gida ba, yana maƙabarta, ya ce kabarin kum ɗinsa babu mai haƙa shi sai shi. Na tattara riguna, na leƙa bayan gida neman tawul, sai na ga bokiti da ruwan sabulu. Joso da wanki! Mutumin da bai taɓa wanke ko safa ɗaya ba tun da uwarmu ta haife shi. Na tsoma hannu na ɗago hularsa ta kullum, mai ruwan toka, wadda ba ya rabuwa da ita ko a gaban fadan coci sai an harare shi.

Na juya cikinta. Mai ya kama shafin, sabulu bai fitar da shi ba. Ba a dunƙule tabon yake ba, layi-layi ne a jere, shatar sifirin. A gefe kuma akwai wani tabo mai duhu wanda ba mai ba ne.

Na zauna a kan dutsen wanki. A yaƙi Joso ne mai gyaran makaman rundunarsu. A cikin laka da dusar ƙanƙara yake aiki, babu tebur, saboda haka ya saba ya cire hula ya ajiye ta cikinta sama, ya zuba ƙananan sassa a ciki kada su ɓace. Ɗabi'ar ta bi shi gida. Ko agogo zai buɗe, ko injin ɗinkina, hula ce farko. Sau nawa na yi masa masifa kan mai a hula? Kuma shekara talatin yana cika baki a shagon Pajo cewa bindiga ba ta taɓa tashi a hannunsa ba da izininsa ba.

Kwano, in ji ni. Wayyo ni, kwano.

Na matse hular na cusa a aljihun kwat. Na yi niyyar jefa ta a murhu, Allah ya sani na yi niyya. Ni na goya yaron nan lokacin da uwarmu take gona. Da na isa gida na buɗe murhun, na tsaya da ita a hannu. Grga yana zaune a kujerarsa yana shafa wa dungulmin ƙafarsa mai.

"Tun jiya ka sani," na ce.

"Tun da na ga teburin."

"Shi ne ka yi shiru ka bar ni ina haushi kamar karya?"

"Ƙaninki ne. Ban so ki ji daga bakina ba." Ya ɗago. "Ba zan ƙwace ta daga hannunki ba, Tonka. In kin ƙona, kin ƙona. Gobe dai Pajo zai haura da fetur."

Na zage shi, na zagi Pajo, na zagi wanda ya ƙera bindigar da sai an danna mata kunama take buɗuwa. Na yi kuka har muryata ta dushe. Sannan na rufe murhun.

*

An binne Mijat ranar Asabar da tsakar rana. Joso ne ya fara zuba ƙasa. Aka taru a zauren 'yan kwana-kwana don abincin makoki, naman rago da kabeji da dankali, da rakiya, barasar da kowane gida yake dafa tasa. Ta taga ina hango motar Pajo, galan biyu a baya an rufa musu buhu. Sufeto Rukavina ya zo gaisuwa, ya zauna a ƙarshen tebur yana cin abincinsa kamar ba ruwansa.

Da aka fara ture faranti, Pajo ya miƙe yana gyara bel. Grga ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya.

"Kafin ku tafi, ku taimaka mini. Sufeto ya ara mini bindigarsa, irin ta marigayi ce sak. Fanko ce, shi ya duba, ni ma na duba." Ya ajiye ta a tsakiyar tebur. "Manda ta ce kwana biyu Mijat yana fama ya buɗe tasa ta gagare shi. Ina so in ga abin da ya gagare shi. Wa zai raba mini ita?"

"Yau ranar wasa ce?" in ji Pajo. Amma girman kai bai bar shi ba, ya ɗauka. Ya murɗa, ya ja, ya girgiza, ya yi zagi, ya ajiye. Wani ya karɓa, shi ma haka. Na uku har ya buga ta a tafin hannunsa.

"Ku ba Joso mana," wani ya ce daga baya. "Shi ne malaminta."

"Ku ƙyale ni," in ji Joso. Bai taɓa abincinsa ba.

"Haba gwani! Don kum ɗinka fa."

Aka tura masa ita gabansa. Ya daɗe yana kallonta. Sai na ga hannunsa na hagu ya sauka kan gwiwarsa, inda ya ɗora hular coci, ya ɗauko ta ya ajiye a kan tebur, cikinta yana kallon sama. Bai san ya yi ba. Hannun ne ya yi abin da ya saba.

Na tashi. Tsakanin kujerata da tasa taki biyar ne, ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Na zaro hular toka daga aljihuna, da sauran danshinta, na ajiye ta kusa da ɗayar, ita ma cikinta sama. Grga ya buɗe hankicinsa ya sa harsashin a ciki.

"Yaya," in ji Joso.

"Faɗa musu, Joso. In ba ka faɗa ba, za su ƙona matar mutane."

Joso ya dafa tebur da hannu biyu. Bai dubi kowa ba sai Manda.

"Ya kawo mini ita yana dariya, ya ce, kume, amaryar nan ta ƙi ni. Na ce kawo, minti ɗaya. Ina yi ina yi masa ba'a, ina kallon fuskarsa, ba na kallon hannuna. Na ga harsashi ya faɗo, na ce shi ke nan. Na ce masa matso ka ga sirrin." Muryarsa ta karye. "Samanta ya fice ya faɗi ƙasa. Shi ma ya faɗi. Na ruga neman mutane, na kai rafi, na ce me zan ce musu? In ce na harbe kum ɗina? Da na dawo ya cika. Ban san lokacin da na tsince sassan na harhaɗa ba, Manda, na rantse miki. Na ajiye ta kusa da shi don a ce tsautsayi ne daga hannunsa. Da aka kama Stevo na ce gobe zan faɗa. Goben ta zo, na ce gobe."

Manda ba ta yi ihu ba. Ta tambaye shi a hankali, "Ya yi magana kafin ka fita?"

Joso ya gyaɗa kai.

"Me ya ce?"

"Ya riƙe hannun rigata. Ya ce, kume, ai gidan harsashin ake fara cirewa. Ni da ban iya ba ma na san wannan."

Wani sauti ya fito daga bakin Manda, rabi dariya rabi kuka, don muryar mijinta ce sak, tsokana har a bakin mutuwa. Ta rufe fuska da baƙin mayafinta. Pajo ya koma ya zauna a hankali, yana kallon farantinsa.

*

Joso ya roƙi sufeto kada a sa shi a motar 'yan sanda a gaban kabarin da bai bushe ba. Sufeto ya yarda in kai shi da kaina, shi yana biye da mu. Muka nufi Gospić, Grga yana gefena. A bakin ofishin ya fita kansa ba hula, iska tana kaɗa 'yar furfurarsa, sai na ga ashe ƙanena ya tsufa ban lura ba. Na cire gyalena na ɗaura masa a wuya, ya shiga.

Muka jira wajen awa biyu kafin a sallami Stevo. Ya fito da jakar da Smilja ta haɗa masa, ya nufi tashar bas. Na sauke gilashi.

"Stevo, shigo mu kai ka gida."

Ya tsaya yana kallona. Grga ya miƙa hannu ya buɗe masa ƙofar baya. Ya shiga, ya ɗora jakar a cinyarsa.

Mun wuce gadar kogi kafin in iya buɗe baki, ni da ba a rufe mini shi. Na ce, "A hanyar sama ka tsaya ka daɗe. Grga ya ga sawunka. Me kake kallo?"

"Joso," ya ce. "Na ji ƙarar, na gan shi ya fito da gudu kansa ba hula. Na ga ya dawo."

Na kusa sakin sitiyari. "Ka gani da idonka? Kwana uku kana kulle, ana shirin ƙona maka gida, ka yi shiru? Me ya hana ka faɗa?"

Na hango idonsa ta madubi. Babu fushi a ciki, da ma akwai da ya fi mini sauƙi.

"In ce Joso ya harbe kum ɗinsa? Ni?" Ya gyara jakar a cinyarsa. "Wa zai yarda da ni, Tonka? Ke?"

Grga yana kallon taga. Na riƙe sitiyari da hannu biyu har muka iso shingen da na tofa wa yawu. Smilja tana tsaye a bayansa da mayafi a kafaɗa.